Makarin laka da saitin sabon keken hawan dutse

Kafin ka sayi makarin laka, duba gefen taya: inci 26 ne, 27.5 ko 29? Ni na roba nake ɗaurawa, gajere a gaba, na baya kuma a maƙale a sandar sirdi. Kar ka sa dogon na ƙarfe. Laka tana cushewa tsakaninsa da tayar har ta ƙi juyawa, musamman da damina. Ka bar tazarar yatsa guda aƙalla.

Sannan sirdi. Hau, ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai, to tsayin ya yi. Kar ka cika iska tam, taya mai ɗan laushi ta fi kama duwatsu. Gwada birki biyun, ka ƙara ɗaure kusoshi bayan fitar farko.