Yadda ake keɓe muhallin gwajin famwaya a QEMU don sakamako ya daina canzawa

Kusan duk wanda na gani ya fara gwajin OVMF, famwayar UEFI ta na'urorin kwaikwayo, a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, kukansa ɗaya ne: jiya gwaji ya wuce, yau ya faɗi, shi kuma bai taɓa komai ba. Ko kuwa a kwamfutarsa lafiya lau, a ta abokin aikinsa na'urar kwaikwayon ta tsaya cak. Ruwa ba ya tsami banza. In ka bi diddigi, sau da yawa famwayar, wato manhajar da ke farkar da na'ura kafin Linux ko Windows su karɓi ragama, ba ta da laifi. Abubuwan da ke kewaye da ita ne suka motsa. Gwajin yana tsaye ne a kan abu huɗu: kunshin Python, kayan gini irin su gcc da nasm da iasl, shi kansa QEMU, da fayil ɗin da famwaya ke adana abin da ta tuna. Masu koyo sukan keɓe na farko kawai su ce sun gama.

Na ɗauka ka iya git, ka kuma taɓa tada QEMU ko da sau ɗaya.

Mataki na farko: Python

Don ƙirƙirar keɓaɓɓen muhallin Python, a cikin foldar aikin ka buga:

```
python3 -m venv .venv
source .venv/bin/activate
python -m pip install -r pip-requirements.txt
```

Fayil ɗin `pip-requirements.txt` yana saman foldar edk2, tushen da ake gina OVMF daga gare shi, daga nan ake samun kayan aikin gini `stuart_setup` da `stuart_update` da `stuart_build`. A Debian da Ubuntu sai ka fara girka `python3-venv`, in ba haka ba layin farko zai ƙi.

Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, in ka kira pip a wajen muhalli zai ƙi yin aiki, ya ce `externally-managed-environment`. Wannan dokar PEP 668 ce, kuma don kare ka aka yi ta. Nan take wani zai nuna maka `--break-system-packages`. Kada ka karɓa. Python ɗin tsarin, kayan aikin tsarin ne suka dogara da shi, ranar da ka canza musu siga za ka bar gwajin famwaya ka koma gyaran kwamfuta.

Kullum `python -m pip` nake rubutawa, ba `pip` tsirara ba, don in tabbata na muhallin ne ke aiki. Kuma kada ka ɗauke foldar `.venv` zuwa wani wuri ko ka canza wa aikin suna, domin cikakken adireshin foldar yana rubuce a saman fayilolin da ke `bin`. Goge ta ka sake ginawa, bai fi minti kaɗan ba. In kana gina QEMU daga tushe, tun siga ta 8.1 yana ƙirƙirar muhallinsa da kansa mai suna `pyvenv` a foldar gini. Wannan nasa ne, kada ka zuba kayanka a ciki.

Da zarar gwaji ya wuce sau ɗaya, ka kulle sigogin: `python -m pip freeze > kulle.txt`, ka sa fayil ɗin a git. In intanet na yi maka tsada ko yana yankewa, sauke komai sau ɗaya da `pip download -r kulle.txt -d kaya`, daga nan ka riƙa girkawa da `--no-index --find-links kaya`. Ban da sauƙin kuɗi, wannan na hana wata sabuwar siga shigo maka ba sallama.

Mataki na biyu: kayan gini

Muhallin Python bai san da nasm ba, bai san da gcc ba. Tun shekarar 2022 edk2 ke buƙatar NASM 2.15.05 ko sama, alhali Ubuntu 20.04 da 2.14.02 yake zuwa. Wanda bai sani ba sai ya ga gini ya karye a fayilolin `.nasm`, ya yi ta goge `.venv` yana sake ginawa, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

Maganin kwantena ne, wato keɓaɓɓen muhallin Linux mai ɗauke da nasa kayan gini. Ni podman nake amfani da shi domin ba ya neman ikon root, kuma shi nake cewa kowa ya fara da shi. TianoCore, masu kula da edk2, na da nasu hotunan kwantena na gini, kana kuma iya rubuta naka. Abin lura ɗaya: kada ka kira hoton da `latest`. Ka kira shi da lambarsa ta `sha256`, wadda ba ta canzawa. In kana son KVM a ciki, wato sashen Linux da ke sa QEMU gudu kai tsaye a kan CPU ɗinka, ƙara `--device /dev/kvm`.

Haka ma edk2 kansa. Ka tsaya a kan alama tsayayya irin `edk2-stable202402`, sannan duk lokacin da ka koma wata alamar ka sake buga `git submodule update --init`. OpenSSL da ke cikin CryptoPkg ta nan yake shigowa, kuma git ba ya juya shi da kansa.

Mataki na uku: QEMU

In ka rubuta `-machine q35`, ka ce wa QEMU ya ba ka sabon samfurin da yake da shi, wanda zai canza ranar da ka sabunta. Rubuta `pc-q35-8.2` ko wanda ka zaɓa. Ƙara `-nodefaults` don kada ya liƙa maka katin sadarwa da sauran na'urorin da ba ka nema ba. Da katin nan ne OVMF ke ɓata lokaci yana neman tashi ta PXE, wato ta hanyar sadarwa. Sannan ka faɗi ƙarara ko `-accel kvm` ne ko `-accel tcg`. TCG, wanda ke kwaikwayon CPU da manhaja zalla, ya fi jinkiri nesa ba kusa ba, don haka wa'adin da ya ishi KVM ba lalle ya ishe shi ba.

Mataki na huɗu: fayil ɗin VARS

A nan ne na sha wuya, kuma a nan nake ganin mutane na faɗuwa har yau.

OVMF kashi biyu ne. `OVMF_CODE.fd` shi ne famwayar, karantawa kawai ake yi. `OVMF_VARS.fd` kuwa shi ne ma'ajiyar UEFI, inda ake rubuta `BootOrder`, da jerin `Boot0001` da 'yan uwansa, da makullan Secure Boot, tsarin da ke hana tada fayil mara sa hannu. Duk tashin da na'ura ta yi, famwaya na iya rubutu a cikinsa, kuma rubutun yana nan bayan QEMU ya mutu. Ma'ana, in gwaje-gwaje goma suna amfani da fayil ɗaya, na goma yana gadon duk abin da tara suka bari.

Na taɓa samun gwajin da ke wucewa in an tada shi shi kaɗai, ya faɗi in an tada duka. Na zargi nasm, na zargi sigar QEMU, na sake gina kwantena daga farko. Ashe wani gwaji da ke gabansa yana kiran `EnrollDefaultKeys.efi`, wanda ke shigar da makullai ya kunna Secure Boot. Gwajina kuwa fayil ɗin EFI mara sa hannu yake tadawa, sai famwaya ta ce `Access Denied`. Ta yi daidai. Kwanakin da na ɓata, layi ɗaya na `cp` ne zai hana su.

In QEMU biyu suka buɗe fayil ɗin a lokaci guda, da sauƙi, domin tun siga ta 2.10 yana kulle fayiloli, zai ce maka ya kasa samun makullin rubutu. Wanda ke cutarwa shi ne na bi da bi, domin babu wani saƙon kuskure.

Dokar ita ce kowane gwaji da foldarsa da sabon kwafinsa na VARS (a misalin nan, asalin fayilolin suna cikin foldar `fd`):

```
WURI=$(mktemp -d)
cp fd/OVMF_VARS.fd $WURI/vars.fd
chmod u+w $WURI/vars.fd

qemu-system-x86_64 -machine pc-q35-8.2 -accel kvm -m 1024 \
  -nodefaults -display none \
  -drive if=pflash,format=raw,unit=0,readonly=on,file=fd/OVMF_CODE.fd \
  -drive if=pflash,format=raw,unit=1,file=$WURI/vars.fd \
  -serial file:$WURI/serial.log \
  -debugcon file:$WURI/debug.log -global isa-debugcon.iobase=0x402
```

Asalin fayil ɗin ka cire masa izinin rubutu da `chmod a-w`, don duk wanda ya nuna wa QEMU shi kai tsaye ya ga kuskure tun a ƙofa. Shi ya sa `chmod u+w` ya biyo bayan `cp`, domin kwafin yana gadon wannan hani. In da pytest kake aiki, `tmp_path` zai ba kowane gwaji foldarsa.

CODE da VARS kuma dole su fito daga gini ɗaya. Na ginin 2M, VARS ɗinsa 128 KiB ne, na 4M kuwa 528 KiB. Debian na ajiye nasa a `/usr/share/OVMF`, Fedora a `/usr/share/edk2/ovmf`, kuma na sha ganin an ɗauko CODE da aka gina da hannu an haɗa shi da VARS na tsarin. Wani lokacin na'urar ba ta ko motsi. Ni ban yarda gwaji ya taɓa `/usr/share` ba sam, domin sabunta tsarin zai canza fayilolin ba tare da ya tambaye ka ba. Kwafo su cikin foldar aikin, ka ajiye `sha256sum` ɗinsu, gwaji ya duba kafin ya fara.

Akwai gajeriyar hanya da ke ruɗin mutane, wato `-bios OVMF.fd`. Tana tashi, amma babu ma'ajiya ta gaske, don haka OVMF na iya ajiye bayanansa a fayil mai suna `NvVars` a kan faifan FAT da ya samu. Ka ga matsalar ta bar inda kake kallo ta koma cikin faifai. Shi ma faifan kada a rubuta a asalinsa: sa `snapshot=on` a kan `-drive` ɗinsa, ko ka yi masa shimfiɗar qcow2 da `qemu-img create -b`. In kana amfani da swtpm, mai kwaikwayon guntun tsaro na TPM, foldar `--tpmstate` ita ma sabuwa ga kowane gwaji.

Wuri ɗaya ne ake sake amfani da kwafin VARS: in abin da ake gwadawa shi ne ko famwaya na tuna abu bayan an kashe an kunna. Nan ma tashi biyun a cikin gwaji ɗaya suke, a folda ɗaya.

Mataki na biyar: wa'adi da rahoto

Famwayar da ta maƙale ba ta fita da kanta, don haka sa `timeout 120` a gaban umarnin QEMU, ka daidaita lambar da na'urarka. Fayil ɗin `debug.log` ba zai cika ba sai famwayar ginin DEBUG ce, na RELEASE shiru yake yi. A saman kowane rahoto ka buga `qemu-system-x86_64 --version`, da `nasm -v`, da `git describe`, da lambar kwantena. Gwajin da ya wuce a goge foldarsa, wanda ya faɗi a bar ta da `vars.fd` ɗinta, domin da shi za ka sake tada na'urar a daidai halin da ta faɗi.

Kafin ka miƙa wa kowa aikin, goge `.venv` da foldar `Build`, ka sake gina komai daga abin da ke cikin git kaɗai, ka tada gwaje-gwajen, sannan ka juya jerinsu daga ƙarshe zuwa farko ka sake tadawa. In sakamakon biyu ya bambanta, akwai fayil ɗin da har yanzu suke tarayya a kansa, kuma VARS za ka fara dubawa.