Matakan gane baiwarka a cikin ikkilisiya

1. Ka fara da karatu. Buɗe 1 Korantiyawa 12, Romawa 12:6-8 da Afisawa 4:11. Jerin baye-bayen bai zo ɗaya ba a wuraren nan uku, saboda haka kada ka ɗauka Manzo Bulus ya ƙidaya su duka.

2. Ka yi addu'a, sannan ka rubuta hidima 2 ko 3 da ranka ke kwanciya da su.

3. In fasto ya raba takardar tambayoyi, ka cike ta tsakani da Allah. Tana da amfani ƙwarai. Na ga wata 'yar'uwa mai kunya wadda ta nan ta gane cewa duba marasa lafiya ma baiwa ce. Sai dai takarda abin da ka faɗa mata shi take mayar maka, ba ta san halinka ba. Kuma nan Damagaram akwai iyayenmu da ba su karanta Faransanci, alhali sun fi kowa iya karɓar baƙo. A karanta musu da Hausa, a saurare su da haƙuri.

4. Ka tambayi wani dattijo, ko wata uwa a zumuntar mata, abin da suke gani a gare ka.

5. Ka kama hidimar wata 3, ko koyar da yara ranar Lahadi ko ziyarar gida-gida. Bayan nan ku zauna da fasto ku duba ko jama'a sun ƙaru da ita.