Yadda ɗan Tibet mai gudun hijira ke kaɗa ƙuri'ar zaɓen shugabanninsa

Tun 2001 'yan Tibet da ke zaune a waje su ke zaɓen shugaban gwamnatinsu mai mazauni a Dharamsala ta ƙasar Indiya, a 2011 kuma Dalai Lama, babban jagoransu na addinin Buda, ya sauke nauyin mulki ya riƙe na addini. Sunan muƙamin Sikyong, wa'adinsa shekara 5. Lobsang Sangay ya riƙe shi har 2021, Penpa Tsering ya gaje shi.

Da Koren Littafi ake farawa. Shi ne shaidar zama ɗan Tibet, a ciki kuma ake rubuta gudummawar da mutum ke bayarwa duk shekara. Wanda ake bi bashin gudummawa sai ya biya tukuna, sannan ya yi rajista a hukumar zaɓe ta yankinsa, in ya cika shekara 18. Nan mutane suka fi tuntuɓe: mutum ya bar Indiya ya koma Amurka bai yi rajista a sabon mazauninsa ba, ranar zaɓe a nemi sunansa a rasa.

Zagaye biyu ake yi. A na farko mai zaɓe da kansa yake rubuta sunan wanda yake so, don haka ya rubuta shi cikakke, saboda sunaye irin su Tenzin da Tsering sun yi yawa, ƙuri'ar da ba a gane mai ita ba kuwa ta tashi a banza. Waɗanda suka zo kan gaba su ke shiga zagayen ƙarshe. Mai neman Sikyong sai ya kai shekara 35, ɗan majalisa 25.

Kujerun majalisa 45 ne. Lardunan gargajiya uku, U-Tsang da Kham da Amdo, kowanne na da 10, ana kuma zaɓe ne bisa lardin asalin mutum ko da a Indiya aka haife shi. Ɗarikun Buda huɗu da addinin Bon suna da bibbiyu, sauran 5 na mazauna Turai da Afirka, nahiyar Amurka, da yankin Ostareliya da sauran Asiya (ban da Indiya, Nepal da Bhutan) ne. Masu zaman zuhudu kan zaɓi wakilin lardi da na ɗarika duka.

Mazauna Nepal su suka fi shan wuya. A 2010 'yan sanda sun kwashe akwatunan zaɓe a Kathmandu.