Yadda ake zaga kangayen tarihin Girka da abokai a kan aljihun ɗalibi

Duk ɗan'uwan da ya zo mini da maganar zuwa Girka, da kuɗin jirgi yake farawa. Ya samo tikiti mai araha daga Budafes ko Istambul zuwa Atina, ya kira abokansa uku, an gama magana. To jirgin shi ne mai sauƙin. Abin da ke cinye kuɗin ɗalibi a ƙasar nan kuɗin shiga wuraren ne, kuma ranar da kuka zaɓa ita ce za ta yanke ko za ku biya ko ba za ku biya ba. Mu huɗu muka je, mun yi wannan kuskuren, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Mataki na 1: takarda

Wannan ba sai na ja ba. Idan kana karatu a ƙasar da ke cikin yankin Shengen, kamar Hangari ko Jamus ko Foland, katin zamanka da fasfonka sun isa, kana da kwana 90 cikin kowane kwana 180. Idan kuwa a Turkiyya kake, ko Masar, ko Ingila, ko Sayifurus, ko gida, sai ka nemi biza. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ga inshorar lafiya da za ta ɗauki nauyin aƙalla yuro 30,000. Ana karɓar takardu tun saura wata shida. Kada kowa ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai bizar mutum na ƙarshe a cikinku ta fito.

Mataki na 2: ku zaɓi rana kafin ku zaɓi jirgi

Wani ɗan'uwa da ya riga mu zuwa da shekara biyu ya ce mana akwai tikiti ɗaya na yuro 30 da ke buɗe Akrofolis, dutsen da tsoffin haikalan birnin ke kansa, da wasu wurare shida na Atina har kwana biyar, kuma matasa rabin kuɗi suke biya. Gaskiya ya faɗa, amma ta zamaninsa. Daga 1 ga Afrilun 2025 an soke wancan tikitin na haɗaka. Yanzu Akrofolis ita kaɗai yuro 30 ce. Tsohuwar kasuwar Agora 20, sai kangayen wajen Atina: Delfi 20, Mikene 20, Efidauros 20. Ka haɗa su biyar ɗin: yuro 110 a kan mutum ɗaya, 440 ga mutum huɗu, ba a yi maganar gidajen tarihin Atina ba. Mu kuwa ko rabin wannan ba mu ware ba.

Sai batun katin ɗalibi, wanda shi ne ya fi yi mini ciwo. Mun tsaya a layi kowa riƙe da katin makarantarsa kamar masu zuwa karɓar alawus, aka ce mu kawo fasfo. Abin da ake dubawa shi ne shekaru da ƙasa. Matashin ƙasashen Tarayyar Turai kyauta yake shiga har ya kai shekara 25, wanda ba na can ba kuwa kyautarsa ta tsaya a shekara 18. Koren fasfo, cikakken kuɗi. Idan kana da katin zama na wata ƙasar Tarayyar, ka nuna shi, tambaya ba ta ɓaci, amma kada ka gina kasafinka a kansa.

Mafitar ita ce ranakun da gwamnati ke buɗe wurarenta kyauta ga kowa, ba ruwanta da launin fasfo: 6 ga Maris, 18 ga Afrilu, 18 ga Mayu, Asabar da Lahadin ƙarshe na Satumba, 28 ga Oktoba, da kuma Lahadin farko da ta uku ta kowane wata daga Nuwamba zuwa Maris. Ka ɗauko kalanda ka duba da kyau. Lahadin farko ta Maris dole ta faɗo tsakanin 1 da 7 ga wata, ke nan a mako ɗaya take da 6 ga Maris, ranar tunawa da Melina Merkuri, ministar al'adun da ta rasu a 1994. Sai dai in shekarar ta zo da 6 ga wata ranar Lahadi, in ba haka ba ranakun kyauta biyu kuka samu a tafiya ɗaya. Haka 28 ga Oktoba, ranar da Girkawa ke tunawa da ƙin miƙa wuya ga Italiya a 1940, ba ta da nisa da Lahadin farko ta Nuwamba. Ɗaya ku ba Atina, ɗaya ku ba Delfi ko Mikene. A ganina duk ɗalibin da ya je Girka a wajen waɗannan makonni biyu, kuɗi ne ya yi masa yawa. Abu guda, a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa kusa da farkon Maris, ku duba kafin ku tsayar da magana, don hawan dutse da ƙishirwa ba wasa ba ne.

Mu a watan Yuli muka je, saboda hutun makaranta. Masauki ya yi tsada, jama'a kamar ranar hawan Sallah, rana kuma ta buɗe. Kada wani ya ce maka ai kai ɗan Sakkwato ne, zafi ba ya maka komai. A kan Akrofolis babu inuwa, farin dutse ne ke maido maka da rana a fuska, har hukuma kan rufe wurin da tsakar rana idan zafi ya tsananta. A Maris ko Nuwamba rigar sanyi ɗaya da lema sun wadatar, sai dai ana rufe wurare da wuri, wasu tun kafin la'asar sakaliya.

Ku kiyayi 1 ga Janairu, 25 ga Maris, 1 ga Mayu, 25 da 26 ga Disamba da Lahadin Ista, don wuraren a rufe suke. Istar Girkawa kuma sau da yawa ba ta zuwa rana ɗaya da ta sauran Turai.

Idan dole sai kun biya, ku sayi tikitin Akrofolis a shafin gwamnati, hhticket.gr. Shafukan da ke fitowa a sama idan ka bincika yawanci na 'yan kamasho ne, da ƙarinsu. Tikitin yana da sa'ar shiga, kuma mutum 20,000 kawai ake bari a rana. Ku ɗauki ƙarfe 8 na safe, ba shawara ba ce.

Mataki na 3: a naɗa ma'aji

Tafiyar abokai ba ta lalacewa a kan tarihi, a kan "ka biya zan ba ka" take lalacewa. Kafin a tashi a yi karo-karo, kowa ya zuba daidai da na kowa, a damƙa wa mutum ɗaya, wanda ya fi kowa maƙo. Daga asusun nan ake biyan masauki, mota, kuɗin shiga da cefane. Tsaraba da kwalama kowa da aljihunsa. A kuma amince tun daga gida cewa wanda bai tashi ƙarfe 6 ba za a tafi a bar shi, kuma ba za a mayar masa da kasonsa ba.

Masauki: mutum huɗu ku kama gida mai kicin maimakon gadaje huɗu a ɗakin haɗaka. Sau da yawa kuɗin kusan ɗaya ne, ga tukunya. Unguwar Kukaki ta fi, don da ƙafa za ku isa gindin Akrofolis. Kewayen Omoniya ya fi araha amma da dare sai an yi hattara. Akwai harajin kwana da wasu masaukai ke karɓa a hannu idan kun iso, ma'aji ya tanade shi.

Mataki na 4: Atina, da tsari

Daga filin jirgi ku hau bas X95 zuwa dandalin Sintagma. Ya fi jirgin ƙarƙashin ƙasa araha, kuma dare da rana yake aiki. A cikin jirgin nan da kewayen Monastiraki ku maido jaka gaba, 'yan sane sun san baƙo.

Ranar farko kada ku biya ko sisi. Ku hau tudun Filofafos da yamma, ku ga Fartenon, babban haikalin da ke kan Akrofolis, daga nesa, ku bi ta Finiks inda mutanen Atina na dā ke taruwa su kaɗa ƙuri'a, ku ƙare a dutsen Areyofagos. Duk kyauta ne. Tashoshin Sintagma da Akrofoli ma suna da kayan tarihin da aka tono lokacin haƙa layin, a jere cikin gilashi.

Ranar kyauta ku kasance a ƙofar Akrofolis tun kafin a buɗe. Takalmi mai riƙo, don dutsen ya sha ƙafafu har ya yi santsi. Ruwa kawai ake shiga da shi. Kada wanda ya ɗauki ko tsakuwa ya sa a aljihu, laifi ne da ake kama mutum a kansa. Kafin ku hau, mutum ɗaya ya karanta tarihin ya ba sauran, ya hutar da ku kuɗin ɗan rakiya. An gina Fartenon tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zamanin Ferikilis, jagoran Atina na lokacin. Daga baya ya zama coci, ya zama masallaci a hannun Daular Usmaniyya, sannan a 1687 harsashin igwar sojojin Benis ya faɗa kan albarushin da Turkawa suka ajiye a ciki, ginin ya tarwatse. Wanda bai san wannan ba zai ce gini ne da aka fara ba a gama ba, kamar yadda ɗaya daga cikinmu ya faɗa. Daga nan ku gangara Agora ku ga haikalin Hefestos, wanda har yau rufinsa na nan, sai kasuwar Rumawa mai masallacin Fetiye. Uku a rana ɗaya, sun isa.

Gidan tarihin Akrofolis, wanda aka buɗe a 2009, tikitinsa daban ne, kuma ba ya bin Lahadin kyauta, amma yana buɗewa kyauta ranar 6 ga Maris da 28 ga Oktoba. Ko da biya ne ku shiga. Mutum-mutumin matan nan da ke ɗauke da rufi a kan dutsen kwafi ne, biyar na asali suna nan ciki, ta shidan tana Landan tare da sassaƙen da Lod Elgin, jakadan Birtaniya, ya kwashe a farkon shekarun 1800. An bar gurbinta a fili don kowa ya gani. Babban gidan tarihi na ƙasa kuma ku ba shi rabin yini: fuskar zinaren da Shiliman, Bajamushe mai haƙar kayan tarihi, ya tono a Mikene a 1876 tana can, da na'urar Antikitera mai lissafin tafiyar rana da wata. Ranar Talata sai ƙarfe 1 na rana yake buɗewa.

Mataki na 5: abinci

Naman giros da suflaki da za ka gani ana yankawa a kowace kusurwa, in ba a faɗa maka ba, alade ne. Kalma biyu za ka haddace: "hirino" alade, "kotofulo" kaza. Mai son halal na sosai ya nufi shagunan 'yan Pakistan da Larabawa a kewayen Omoniya. Da safe kuluri, burodin riɗi mai kamar awarwaro, da rana sifanakofita mai alayyafo da cuku, da dare ku dafa taliyarku. Ruwan famfon Atina ana sha, kowa ya riƙe gorarsa. Garin kwaki da gyaɗa da dabino suna ceto, amma mai shigowa daga wajen Tarayyar Turai ya bar kilishi a gida, an hana shiga da nama. Juma'a kuma akwai masallacin Botanikos, wanda aka buɗe a 2020, kusa da tashar Eleyonas.

Mataki na 6: wajen gari

Ku manta da kamfanonin yawon buɗe ido, ku hau motocin KTEL, bas-bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwa. Tasha biyu ce, kuma nesa suke da juna: ta Liyosiyon ita ke zuwa Delfi, tafiyar kusan awa uku, ta Kifisos kuma ita ke zuwa Korinti da Naffiliyo da Olimfiya. Ku tabbatar da wadda za ku tun da dare, ku kuma tambayi lokacin motar ƙarshe ta dawowa kafin ku sauka. Tikitin Delfi ya haɗa da gidan tarihinsa, inda mahayin keken doki na tagulla yake.

Mikene da Efidauros sai ku kwana ɗaya a Naffiliyo. Motar Atina a Fihti take ajiye masu zuwa Mikene, da sauran 'yar tafiya, ku haɗa kuɗin tasi. A Efidauros mutum ɗaya ya tsaya a tsakiyar tsohon dandalin wasan kwaikwayo, mai cin mutum kusan 14,000, ya yi magana, sauran ku hau layin ƙarshe ku saurara. Olimfiya ta yi nisa, tsibirai kuma ba na wannan aljihun ba ne. Idan yini ɗaya ya rage, ku tafi Suniyon, kilomita kusan 70 daga Atina, ku ga faɗuwar rana a haikalin Fosaidon, amma ku duba labarai da safe ko direbobi na yajin aiki.