Kurakuran da Muke Yi Idan Yara Sun Tambaye Mu Asalin Sallah da Sauran Bukukuwa

Idan yaro ɗan shekara biyar ko shida ya ce, "Umma, me ya sa ake yanka rago?" amsar da aka ba shi a tsaitsaye, ana tsakiyar gyaran kayan ciki, ita zai riƙe har ya yi gemu. Mu a Kano bukukuwanmu a cakuɗe suke. Akwai ibada a ciki, akwai al'adar gari, akwai kuma zantukan da kakanni suka ƙaga don yaro ya cinye tuwonsa ko ya yi barci. Kowanne da muhallinsa. Ɓarnar takan zo ne idan muka dunƙule su wuri ɗaya muka miƙa wa yaro, bai san wanne Allah ya ce ba, wanne kuma Gwaggo ta ce.

Wanda ya fi damuna shi ne kuskuren da ake yi a labarin layya. Za ka ji babba ya ce wa yaro, "Ka gode wa Allah, da ba don ragon nan ba, da kai za a kwantar." Ana faɗa ana dariya, yaron kuwa ya kwana yana tsoron wuƙar babansa. Maganar ba ta da tushe. Allah bai taɓa ɗora wa jama'a yanka 'ya'yansu ba, jarrabawa ce aka yi wa Annabi Ibrahim (AS). A yadda labarin ya zo a Suratus Saffat, bai yaudari ɗansa ba. Ya faɗa masa mafarkin da ya yi, ya nemi jin ta bakinsa, ɗan ya ce a aikata abin da aka umarta, in Allah ya so za a same shi cikin masu haƙuri. Da suka miƙa wuya su biyun, Allah ya fanshi Annabi Isma'il da abin yanka mai girma. In za ku ba ƙaramin yaro labarin, ku daɗe a kan wannan shawarar ta uba da ɗa, ku daɗe a kan jinƙan Allah. Wuƙa da jini ba sai an zayyana su ba.

Akwai kuma zancen cewa ragon layya ne zai haye da mutum siraɗi. Malaman hadisi sun raunana wannan ruwayar, amma har yau ana faɗa wa yara. Ku tuna da yaron da a gidansu ba a ɗaure komai ba bana, ko wanda babansa watanda ya shiga. Me kuke so ya ji a ransa? Layya tana kan mai hali ne, wanda ba shi da shi babu laifi a kansa. Aya ta 37 a Suratul Hajji ta ce naman da jinin ba su ne suke isa ga Allah ba, tsoron Allah ne yake isa gare shi. Yaro zai gane wannan in aka ba shi kwanon nama aka ce ya kai gidan maƙwabta da hannunsa, aka kuma faɗa masa dalili.

Ƙaramar Sallah kuwa mun mayar wa yara ita ranar sabon ɗinki, kitso da ƙunshi. Babu laifi a ado, sunna ce ma a sa mafi kyawun tufa. Sai dai in an tambaye ku daga ina Sallah ta samo asali, akwai amsa gajera mai daɗi. Da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, ya tarar mutanen garin suna da ranaku biyu na wasa, sai ya ce musu Allah ya musanya musu da biyu da suka fi su alheri: Idin shan ruwa da Idin layya. A shekara ta 2 bayan Hijira aka wajabta azumin Ramadan. Ita Ƙaramar Sallah ranar 1 ga Shawwal ce, ranar godiya bayan an kammala azumi, shi ya sa ake lasa wani abu kafin a tafi Idi, a Babbar Sallah kuma, 10 ga Zulhajji, sai an sauko ake ci.

Zakkar kono ma a bayan idon yara muke fitar da ita, ba su san da su a lissafin ba. Ku kira su lokacin awo. Mudu huɗu ake fitar wa kowane mutum, da mudun Annabi, wanda ya kai kimanin cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. Kwanon awon kasuwa daban ne, ku nuna musu bambancin. A ce, "Wannan na Baba ne, wannan naki ne, wannan na jaririnmu." Sannan a bayar kafin a tafi Idi, don a ranar kowane gida a ɗora tukunya. Goron Sallah al'ada ce mai kyau, amma yaro ya san yawon Sallah zumunci aka aike shi. Ya durƙusa ya gaida Hajiya ko an ba shi ko ba a ba shi ba.

Wata tambayar da muke kaucewa ita ce ta lokaci. "Baba, me ya sa Sallar da kuka yi kuna yara cikin sanyi ce, tamu cikin zafi?" Kada ku ce sai yadda hukuma ta sa. Sarkin Musulmi sanarwar ganin wata yake yi, ba shi yake zaɓen rana ba. Watanmu kwana 29 ne ko 30, shekarar kuma kusan kwana 354, ta gaza shekarar Bature da kwana 10 ko 11. Don haka kowace shekara Sallah tana matsowa, cikin shekara 33 sai ta zagaya damina, kaka, hunturu da bazara ta dawo inda ta tashi. Ranar 29 ga wata ku fita da shi bayan magariba, ku dubi yamma tare.

Sai hawa, wanda a nan ne Kanawa muka fi ruɗa 'ya'yanmu. Wasu yaran sun ɗauka hawa wani sashe ne na sallar Idi, har a shekarar 2020, da korona ta hana hawa, suka riƙa cewa ba a yi Sallah ba. Sallar Idi raka'a biyu ce, babu kiran salla babu iƙama, huɗuba ta biyo baya. Hawa al'adar masarauta ce da aka gina a kan ranar. Ko da yake akwai inda suka haɗu: Sarki yana zuwa filin Idi na Ƙofar Mata ta wata hanya ya koma gida ta wata, kamar yadda sunna ta koyar. Wasu kuma, musamman 'yan boko, sukan ce wa yara Turawa ne suka kawo hawa. Turawa a 1903 suka ci Kano. Muhammadu Rumfa, wanda ya gina gidan sarautar da ake kira da sunansa, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma tarihi ya danganta masa kakaki, figini da dawakin zage, waɗanda har yau yaro zai gani da idonsa a ranar hawa. Abin da ya samo asali a zamanin Turawa shi ne Hawan Nassarawa, lokacin da Sarki yake zuwa wurin Razdan, wato Baturen da yake riƙe da lardi, yanzu kuma gidan gwamnati yake zuwa. Hawan Daushe na washegarin Sallah ne, Sarki ya kai gaisuwa Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar Sarki, ya dawo a yi masa jahi a Ƙofar Kudu. Labarin da ake bayarwa na wani bawan Sarki mai suna Daushe, wanda rashin lafiya ta hana shi hawan Sallah har aka sake hawa dominsa, labarin baka ne. Ku ba da shi, yana da daɗi, amma ku fara da "an ce". A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun da duniya ta gada.

Tashe ba ya cikin azumi a matsayin ibada. Wasa ne da ake farawa in azumi ya kai goma, kuma yawanci gyaran hali yake yi cikin raha, kamar yadda Nalako, sarkin gwaurayen Kano, yake bin gwauraye.

A watan Cika-ciki, wato Muharram, ana ce wa yara duk wanda bai ƙoshi ba a daren cika-cikin, haka zai ƙare shekara da yunwa. Dabarar iyaye ce. A dafa jelar ragon layyar da aka ajiye, taubasai su karɓi kuɗin shara, duk al'ada ce. Abin da ya tabbata shi ne azumin Ashura, 10 ga Muharram, ranar da Allah ya tserar da Annabi Musa (AS) daga Fir'auna, da na Tasu'a kwana ɗaya kafin ta. Kada kuma a ce musu ranar 1 ga Muharram aka yi Hijira. A watan Rabi'ul Awwal na shekarar 622 Annabi (SAW) ya isa Madina, a zamanin Sayyidina Umar ne aka tsayar da ƙirgen shekara daga Muharram.

Maulidi da Takutaha, ranar da jama'a suke hawa Dutsen Dala mako guda bayan 12 ga Rabi'ul Awwal, malamai sun yi saɓani a kansu, kuma a unguwa ɗaya akwai masu yi da waɗanda ba sa yi. Ku faɗa wa yaro abin da gidanku yake kai da hujjarku, ba tare da zagin maƙwabci ba, domin da ɗan maƙwabcin zai zauna a benci ɗaya gobe a makaranta. Haka in kun bi ta Sabon Gari a ƙarshen Disamba ya ga ado ya tambaya. Ku ce masa Kiristoci ne suke bikin haihuwar Annabi Isa (AS) ranar 25 ga wata, a Habasha da Masar kuma akasarinsu sai 7 ga Janairu. Mu ba ma yin bikin, amma mun yi imani da Annabi Isa, kuma labarin haihuwarsa yana cikin Suratu Maryam in yana so a karanta masa.