Yadda za ka maida tsohon durom ya zama wurin ƙona shara

Duk mai darbejiya ko mangwaro a gida nan Garwa ya san wahalar ganye lokacin hunturu, ka share da safe kafin la'asar sun sake cika tsakar gida, in ka tara ka cinna musu wuta a ƙasa kuma iska ta kwashi wutar sai dannin maƙwabci. Durom ɗin ƙarfen nan mai lita 200 shi ne maganin abin.

Kafin ka biya kuɗi tambayi mai sayarwa me aka taɓa zubawa a ciki. Na man girki ya fi kwanciyar hankali. Na maganin feshin auduga ko kyauta aka baka kar ka karɓa. In kuwa na zuwa-zuwa ne, wato fetur ɗin nan da ake sayarwa a bakin hanya, to nan fa ake hatsari, don tururin fetur yana nan ciki ko da durom ɗin ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa shi. Cire marufan nan biyu, wanke da omo sosai, ka cika shi da ruwa har baki sannan a sare saman da kurfi da guduma. Kar ka yarda mai walda ya ce maka ba komai ya saba.

Sauran aikin duk na iska ne. Wutar da bata samun iska daga ƙasa hayaƙi kawai take yi, unguwa ta yi ta tari ana zaginka. Huda ramuka kamar kaurin babban yatsa zagaye da gindin, wajen taƙi ɗaya daga ƙasa, ka ƙara wani layin a samansu. Ƙasan ma a huda biyar ko shida saboda ruwan damina ya wuce, in ba haka ba toka ta jiƙe tsatsa ta cinye gindin. Sai ka zura guntayen rodi ta ramukan su gicciye, shara ta zauna a kansu, ka ɗora durom ɗin kan bulo uku. Sama kuma ragar ƙarfe zaka rufa, ita ke tare tartsatsi.

Ajiye shi nesa da zana, rumbu da wayar lantarki, bokitin ruwa a kusa. Wutar farko ta itace zalla ce don fentin ya ƙone, ka matsa gefe, warin nan ba na shaƙa bane.

Busassun ganye, kara da takarda kaɗan kaɗan, ba a danna su. Leda, roba, batir da gwangwanin maganin sauro basa shiga, gwangwanin ma fashewa yake. Tokar sai ta kwana ta huce zaka kwashe, ni gindin kuɓewa da yakuwa nake barbaɗa tawa, ita ma ba da yawa ba.