Gyaran tsohuwar bindigar farauta ƙirar Browning Auto-5

John Moses Browning ne ya tsara wannan bindiga, kamfanin FN na Beljiyam ya ƙera ta, aka ci gaba da yin ta har 1998. Kafin a taɓa komai, a buɗe ta a tabbatar babu harsashi a ciki ko a bututun ajiya, wato bututun da ke ƙarƙashin na harbi, inda ake zuba harsasai.

In aka harba, bututun harbi da sakata, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi, suna ja da baya tare, a kulle. Daga nan babban sifirin da ke kewaye da bututun ajiya ya mayar da bututun harbi gaba, sakata na riƙe a baya, kwanso ya fita. Sai wani sifirin da ke cikin gindin katako ya tura sakata, ta ɗauki sabon harsashi.

Abin da ke rage ƙarfin bugun zobba biyu ne da ke kan bututun ajiya, na tagulla da na ƙarfe, kuma yawancin matsala daga nan take. Don harsashi mai ƙarfi, a sa zoben ƙarfen tsakanin babban sifirin da na tagulla, gefensa mai gangara yana kallon tagullar domin ya matse ta. Don mai sauƙi, a mayar da shi can baya kusa da jikin bindiga. Kowane hali, gefensa mai lebur ne ke taɓa sifirin. In aka harba mai ƙarfi da saitin mai sauƙi, bututu zai riƙa dukan jikin bindigar, katakon gaba ya tsage. In aka yi akasin haka, kwanso ya maƙale. Man shafawa kaɗan ya isa a bututun ajiya, don in ya yi yawa tagullar ba ta kamawa. Sifirin biyun da zoben tagulla a canza su kawai, ba su cancanci lallaɓawa ba.

Tsagin sukurorinta siriri ne, sai da sukurdireba da ta cika shi daidai, kuma ƙananan sukurorin kulle ake fara cirewa. Tsatsa a goge ta a hankali da soson ƙarfe lamba 0000 da mai, kada a kankare asalin launin.

Tsofaffin masu lamba 16 (ma'aunin faɗin bututun harbi) da yawa tsawon ɗakin harsashinsu milimita 65 ne, harsashin yanzu kuwa 70. Maƙerin bindiga ya auna kafin harbin farko, kuma kada a sa harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe maimakon na dalma a tsohon bututun Beljiyam, yana iya kumbura bakinsa.